Sunan Da Baba Kalli Ba Ya Iya Faɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku kuma na gode, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto min sau uku cewa 'ya mace ba ta ja da ƙanin ubanta. Hajiya na ji. Ki gyara zama ki karanta na yau tukuna, in kin gama ki sake rubutowa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni a Nguru kowa Yagana yake kirana. Sunan kakata ta wajen uba na ci, a gidanmu kuwa ba mai buɗe baki ya kama sunan tsohuwa gatsal, don haka tun ranar suna aka lulluɓe nawa da Yagana, wato ƙaramar uwa. Sunana na yanka Fatimatuzzahra, a makaranta kuma ana rubuta Fatima a haɗa min da sunan kakanmu Ibram kamar sauran 'ya'yan gidan. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi a gaba.

Siton ƙaro gare mu a bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifina, marigayi Alhaji Abdussalam, shi da ƙaninsa Baba Kalli suka gaje shi, suka kuma yi masa rajistar kamfani shekara takwas da suka wuce. Daga dajin Yusufari da Jakusko ake kawo mana ƙaro, mata su baje a tabarma su tsince, a ware lamba ɗaya mai haske da lamba biyu mai duhu, a ɗinke buhu a loda zuwa Kano. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake zama cikin matan nan. Yanzu ko ido a rufe kika sa min ƙaro a tafin hannu zan gaya miki lambarsa. Shekara uku da rasuwar Baba, ba buhun da ake ɗinkewa ban duba shi ba.

Ranar Litinin ɗin da ta wuce na shiga sito na tarar an ɗinke buhu sittin ban gani ba. Na dafa guda ɗaya, jikina ya ba ni. Na karɓi wuƙa na farke shi ta ƙasa, sai ga lamba biyu na zubowa, an ɗora lamba ɗaya kamar kamu uku a sama. Kayan kuma na wani dattijo ne a Kano da ya shekara ashirin yana saye a hannun Baba ba tare da ya taɓa kwance buhu ba.

Baba Kalli ya fito daga ofis yana gyara babbar riga.

"Yagana, wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni, Baba. Sunan gidanmu ne a jikin buhun."

"Sunan ubana ne, ba naki ba."

A gaban 'yan dako, a gaban mata masu tsince. Na sa wuƙa na farke na biyu da na uku. Eh, na san da ma ban yi na ukun ba. Amma na yi, kuma in aka mayar da ni ranar zan ƙara.

Washegari direbansa ya kawo min ambulan har gida, ya ce a ba shi makullan sito. Layi huɗu ne kacal: an sallame ni daga aiki saboda rashin ladabi, kada a sake ganin ƙafata a harabar kamfani. A sama an rubuta "Zuwa ga Yagana". Ina tsaye a tsakar gida da zanin wanka da hular gashi, na karanta na sake karantawa. Abin ya yi min ciwo, wallahi ya yi min ciwo, don a siton nan nake jin ƙanshin mahaifina.

Mahaifiyata Ya Gumsu tana gefe tana haɗa turaren wuta, ta jera kwalabe a kan tabarma. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ki sa mayafi ki je ki durƙusa masa. Shi ne waliyyinki, bayan Salla za a kawo lefe. Da wane ido kike so dangin Abdulhamid su kalle mu?"

"Ya, ha'inci fa yake yi."

"Na ji. Ubanki ya bar min ke da ƙannenki mata biyu, ba namiji. Kason ubanku har yau a hannun Kalli yake ba a raba ba. Ke kike ganin kina da bakin magana?"

Sai wayata ta yi ƙara. Abdulhamid ne.

"Zahra ta, na ji abin da ya faru. Kar ki sa a ranki. Komai zai dawo hannunki, ki yarda da ni."

Bari in gaya muku waye Abdulhamid, don ku fahimci irin zurfin da na yi. Yana da ofis a unguwar Hausari inda yake cike wa 'yan kasuwa takardun kamfani da na haraji. Dogo ne, mai tsafta, ba ya ɗaga murya, yadinsa kullum kamar yanzu aka sauke daga guga. A duk faɗin Nguru shi kaɗai ne yake kirana da sunana. Saƙonsa na farko, shekara biyu ke nan, cewa ya yi, "Assalamu alaikum Fatimatuzzahra." Na daɗe ina kallon wayar. Na tambaye shi inda ya samo sunan, ya ce wanda yake so ba ya rasa hanya. Ku yi min dariya in kun so, amma yarinyar da ta tashi tana amsa sunan aro, ranar da wani ya kira nata na gaskiya sai ta ji kamar yau aka fara ganinta.

Ban je na durƙusa ba. Ranar Laraba da hantsi na naɗa lafayata ruwan toka, na ɗaukar wa Kaka humra kwalba ɗaya, na shiga motar Gashuwa inda take zaune. Niyyata in kai ƙara, don kowa a gidanmu ya san yadda aka raba kamfanin: Baba talatin cikin ɗari, Baba Kalli talatin, Kaka arba'in. Da arba'in ɗin nan Baba Kalli yake taka kowa. Ko me ya ga dama ya yi, sai ya ce "Ya ta amince," wato Kaka, don Ya yake ce wa mahaifiyarsa.

Na samu Kaka a rumfarta tana ɓare bandar kifi a faranti, carbi a wuya, rediyo na ta surutu ba mai sauraro.

"Wushe, takwara! Wa ya mutu kika tuna da ni?"

"Kalewa, Kaka. Ɗanki ne ya kore ni."

Na zayyana mata komai. Ina magana tana cire ƙaya, ko a jikinta. Da na kai ƙarshe na ce, "Kaka ki tsawatar masa. Ke ce mai kaso mafi yawa, in kin ce a mayar da ni dole ya mayar."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ni? Ni ba ni da ko tsinke a kamfanin nan."

"Kaka, arba'in fa."

"Shiga ɗaki, ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe kore. Jawo shi, ki yi a hankali da kwanukana."

A ƙasan tsofaffin zannuwanta da fasfo ɗin hajjinta akwai wata leda, a ciki takardun rajistar kamfani. Na buɗe shafin masu hannun jari. Abdussalam Ibram, talatin. Kalli Ibram, talatin. Fatima Ibram, arba'in. Na ce, "To ga shi, Kaka."

"Ke da kika yi boko, duba gaba mana. Ni a shekarar da aka rubuta nan aka haife ni?"

Na duba. Ranar haihuwata ce. An kuma maƙala kwafin katin shaidata mai ɗauke da cikakken sunana. A ƙasa kuma ga sa hannu, wani karkataccen F mai doguwar jela da nake yayi lokacin ina 'yar sha tara. Sai na tuna wata safiya da Baba ya kira ni falonsa ina sauri zan koma makaranta, ya nuna min wuri uku da yatsa ya ce sa hannu nan, nan da nan. Na ɗauka takardar banki ce. Na zauna a bakin gadon.

Kaka ta shigo tana dogara sanda.

"Ubanki ya zo nan ya ce zai sa sunana. Na ce me zan yi da takarda ƙafata ɗaya a kabari? In na mutu a raba, Kalli ya kwashe, 'ya'yanka mata su tashi a tutar babu. Sa takwarata, ita ce mai hannun ƙaro. Ya ce Kalli ba zai yarda ba. Na ce ai suna ɗaya ne. Kar ka yi masa ƙarya, kar kuma ka yi masa bayani. Ranar da ya tambaye ka wace Fatimar, ka gaya masa gaskiya."

"Bai tambaya ba?"

Ta yi dariya har da tari. "Da wane bakin? Sunan uwarsa ne. Kalli ko mai tallan gyaɗa ce Fatima, 'yarinya' yake ce mata. Idonsa na sauka kan sunan ya kau da kai, ya sa hannu inda aka nuna masa."

"To takardun da yake kawo miki duk shekara kina dangwalawa fa?"

"Ina dangwalawa mana. Yatsana ne, ba ya ciwo."

Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa duka biyun. Da na natsu na ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba tun rasuwar Baba?"

Nan fuskarta ta sauya. "Shi ma ɗana ne, takwara. Shi kaɗai ya rage min. Ina ta jira ko zai riƙe ku da amana in mutu da maganar a cikina. Amma tunda ya kai ga zuba baƙi a ƙasan buhun Ibram, ɗauki kayanki. Abu ɗaya na roƙe ki, kar ki zage shi."

Na zauna na ci burabusko da miyar kifi kamar ba ni ce na kwana biyu ban ci abinci ba. A mota na ɗauki hoton shafukan na tura wa ƙawata Juwairiyya da take aikin lauya a Damaturu. Kafin mu kai Jajimaji ta kira tana ihu.

"Yagana! Kin san me kike riƙe da shi? Aiki zai iya korarki, wannan ikonsa ne. Amma mai hannun jari ba a korarsa da wasiƙa. Kina da ikon kiran taro, kina da ikon a nuna miki takardun kamfani, kuma ba wanda ya kai ki ƙuri'a. Kar ki sa hannu a komai, ko takardar gayyatar biki ce."

Abdulhamid ya kira sau biyu a hanya ban ɗauka ba. So nake in ba shi mamaki. Ni fa!

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba Kalli ya aiko a kira ni da Ya Gumsu gidansa na Bulabulin. Na fito da lafayata ja mai zaren gwal wadda na ajiye don ranar kawo lefe, na sa 'yan kunnen Kaka, na yi turare har Ya Gumsu ta ce, "Haƙuri za ki bayar ko gasar kyau za ki?" Na sa ledar a jaka na ce mu je.

Yana zaune a kujerarsa mai hannun katako, fanka na kaɗawa, ga dattawan dangi biyu a gefe. Muka zauna a kan darduma. Ya yi doguwar nasiha a kan tarbiyya, ya ce shi ba ya riƙo, ga aure a gabana, me mace za ta yi da ƙurar sito. Sannan ya turo min takarda da biro.

"Sa hannu a nan, cewa kin karɓi sallama kuma ba ki da sauran wata magana da kamfani. Ni kuma zan yi miki kayan ɗaki na gani na faɗa. Na yi shawara da Ya, ta amince."

Ya Gumsu ta taɓa ni da gwiwa. Na ajiye biron a gefe, na ciro ledar, na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, don Allah kafin in sa, ka karanta wa su Baffa sunayen masu kamfanin. Don su zama shaida."

Ya karɓa yana yatsina, ya sa tabarau. "Abdussalam Ibram, Allah ya jiƙansa, talatin. Kalli Ibram, talatin." Ya ɗan yi gyaran murya. "Sai Ya, arba'in."

"Ba Ya aka rubuta ba, Baba."

"Ke! Kin san abin da aka rubuta."

"Na sani. So nake ka karanta."

Na ga leɓensa ya motsa ya tsaya. Mutumin da yake daka wa 'yan dako tsawa a ji a bakin titi, ga shi da kalma ɗaya ta maƙale masa a wuya. Gaskiya na ji tausayinsa na ɗan lokaci, don kunyar nan ba ta ƙarya ba ce, da ita aka raine shi. Sai na tuna "sunan ubana ne, ba naki ba," tausayin ya wuce.

"To bari in karanta maka, tunda ni ba ya min nauyi. Fatima Ibram. Ka duba layin da ke ƙasa, ranar haihuwa. Kaka ta yi jika a wannan shekarar, ba haihuwarta aka yi ba. Ka duba sa hannun. Kaka dangwale take yi."

Ɗaya daga cikin dattawan ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, ya ce, "Ikon Allah." Ya Gumsu ta dafe ƙirji tana kallona kamar yau ta haife ni.

Baba Kalli ya miƙe. "Ƙarya ne! Jabu ne! Ya da kanta take dangwala min duk shekara!"

"Ta ce in gaishe ka. Ta ce da ka tambaya da an gaya maka."

"Ni za ki yi wa wannan? Ni da na riƙe ku shekara uku? To ki ji, in kika fita da takardar nan ki nemi wanda zai ɗaura miki aure, ba ni ba. Kuma mu haɗu a kotu."

Ya Gumsu ta fashe da kuka tana ba shi haƙuri. Ni kuwa na dubi Baba Kalli.

"Baba, ba zan zage ka ba, an hana ni. Aikin da ka kore ni na karɓa, ka riƙe albashinka. Amma sito ba za ka hana ni shiga ba, don mai shi ba ya neman izini. Ina neman a kira taron masu kamfani, a kawo takardu a baje, a kuma raba kason mahaifina a ba ƙannena nasu. Buhu sittin ɗin nan kuma ba za su bar Nguru da sunan Ibram a jikinsu ba sai an sake tsince su."

Na karɓi takardata daga hannun dattijon, na durƙusa na yi musu sallama yadda aka koya min, na fito.

La'asar ta yi muna gida. Ya Gumsu ta shige ɗaki ta ƙi yi min magana. Na zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ko lafayar ban cire ba, na ɗauko waya zan ba Abdulhamid labari. Ashe ya riga ni.

"Zahra ta, na ji kin girgiza Bulabulin. Na gaya miki komai zai dawo hannunki."

Na yi murmushi. Wani saƙon ya shigo.

"Yanzu sai a yi a hankali. Rigimar kamfani ba ta mace ba ce. Na riga na shirya takardar wakilci, ki sa hannu kawai in riƙa tsaya miki a kan arba'in ɗinki. Ai ni da ke ɗaya ne."

Ya turo hoton takardar. An buga ta tsaf, da cikakken sunana, da ranar haihuwata, da lambar rajistar kamfani. Na tsaya. Awa ɗaya ke nan da fitowata daga gidan Baba Kalli, kuma ban tura wa kowa shafukan nan ba sai Juwairiyya. Na buɗe hoton da kyau. Kwanan watan da ke ƙasa na ranar Talata ne, ranar da aka kore ni, kwana guda kafin in san akwai akwatin ƙarfe kore a duniya.

Sai abubuwa suka fara dawo min ɗaya bayan ɗaya. Takardun da ake kai wa Kaka ta dangwala, a ofishin wa ake buga su? Nasa. Yaushe Baba Kalli ya miƙa masa fayil ɗin kamfaninmu? Ni da kaina na ba direba ya kai, satin da aka fara kawo sabon ƙaro shekara biyu da suka wuce. Na ja hirarmu sama, na yi ta ja, na wuce hotunan atamfofin lefe, na wuce barka da Salla, na wuce duk kalaman da nake karantawa in rufe fuska, har na kai saƙon farko. Kwana tara tsakaninsa da ranar da fayil ɗin ya isa teburinsa.

Assalamu alaikum Fatimatuzzahra.

'Yan uwa, wasiƙar Baba Kalli ba ta yi min rabin ciwon da layin nan ya yi min ba. Shi Baba Kalli bai karanta sunan ba saboda kunyar uwarsa. Wannan kuwa ya karanta har ƙasan shafi, ya yi shiru shekara biyu, yana buga wa tsohuwa takardar da ya san ba ta da amfani, yana turo min da alamar zuciya ja kowace safiya.

Na rubuta, "Abdulhamid, a ina ka ce ka samo sunana?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Sai kira. Na kashe. Ya sake kira, na sake kashewa. Na share hawayena da gefen lafayar lefen, na rubuta masa:

"Daga yau ka kira ni Yagana kamar kowa. Wancan sunan na sa hannu ne, kuma ba zan sa maka ba."

Yau Asabar tun da safe na biya kasuwa na sayi kwaɗo sabo, babba, mai makulli uku. Na hau Keke Napep na ce a kai ni bayan tasha. Matan tsince suna zaune a bakin sito, suna ganina suka fara gyara ɗaurin zani, wata ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa. Ga babbar mota an juyo da bayanta ƙofa, 'yan dako sun fara ɗora buhunan nan sittin. A gefenta motar Baba Kalli. A gefen tasa kuma wata farar mota da na san ƙanshin cikinta, wadda ta sha tsayawa a ƙofar gidanmu, motar Abdulhamid.

Na sallami mai Keke, na gyara lafayata, na ce wa direban babbar motar ya kashe inji. Ya leƙo ya ce, "In ji wa?"

Na ɗaga murya yadda na cikin ofis za su ji, su biyun.

"In ji Fatima Ibram."